Safar Hannu da Kanta: Ko Wahala Ce Ma'aunin Daraja?

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, da zarar sun ga kan wannan maƙala, za su ce, "To, shi kuma wannan, duk matsalolin da ke gaban Hausa da Hausawa, ya rasa abin da zai kawo wa mujallar ƙungiya sai maganar safar hannu?" Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, domin sau da yawa ƙaramin abu shi kan tona babban al'amari.

Safar da nake nufi ita ce wadda samari masu ɗaga ƙarfe da motsa jiki suke sawa don kada ƙarfe ya ci musu tafin hannu. Ni kaina na sa ta, na cire ta na jefa cikin akwati, daga baya kuma na sake ɗauko ta, kuma a kowane karo gani nake ni ne mai gaskiya. Wannan kai-da-kawowa ita ta jefa ni cikin wata tambaya wadda ta girmi safa, ta girmi ƙarfe, watau: shin wahalar da mutum ya sha ita ce take ba aikinsa daraja, har ya zama wanda ya kare jikinsa daga wahala ya rage wa kansa mutunci? Mu Hausawa muna da bakin yabon wahala. Ina so mu duba ko kowace wahala ce ta cancanci wannan yabo, sa'an nan mu duba wane ne yake yabon, wane ne kuma yake shan wahalar.

Safar da aikinta

Kafin a shiga musu, ya kamata a san abin da ake musu a kansa. Sandar ƙarfen da ake ɗagawa a gasar duniya, ta maza nauyinta kilo 20 ne, kaurinta milimita 28. Ta mata kuwa kilo 15 ce, kaurinta milimita 25. A wuraren da hannu yake kamawa an yi mata ƙananan zane masu gicciye da juna, kamar na magagari, don kada ta suɓuce. Wannan zanen shi ke cin hannu. Idan fata ta yi ta guga da abu mai kaushi kullum, da farko sai ta yi bororo, in aka ci gaba kuma sai samanta ya yi kauri ya taurare, musamman a gindin yatsu. Abin da muke kira kanta ke nan. Ashe kanta wata irin safa ce da jiki yake ɗinka wa kansa idan ya ga ba mai kawo masa ɗauki.

Ita kuwa safar kanti, da fata ake yin ta ko da wani yadi mai roba-roba, a cusa ɗan soso a tafinta, a yanke kawunan yatsunta yadda rabin kowane yatsa zai kasance a waje. Wasu suna da maɗauri wanda ake naɗewa a wuyan hannu don ya tallafi gaɓar. Amfaninta shi ne ta rage guga, ta tsotse gumi, ta hana bororo. Tana kuma da nata aibin. Tana ƙara wa sanda kauri, kuma duk yadda sanda ta ƙara kauri haka riƙonta yake ƙara wuya. Hannu kan yi santsi a cikinta idan gumi ya yi yawa. In ba a wanke ta kuwa, warinta ya isa ya kori maƙwabci.

Saboda haka ne manyan gwanaye ba su cika damuwa da ita ba. Dokokin hukumar ɗaga ƙarfe ta duniya, masu aiki a gasar Olamfik, sun yarda a sa safa muddin ba ta wuce gaɓar farko ta yatsa ba, amma da wuya ka ga wanda ya sa. Sun fi son su shafa farin alli don ya busar da gumi, su danne babban yatsa a ƙarƙashin sauran yatsu su ƙulle sandar. Lasha Talakhadze, mutumin ƙasar Jojiya, ya ɗaga kilo 267 sama da kansa a birnin Tashkent a 2021, ba safa a hannunsa. A ɗaya reshen wasan kuwa, inda ake tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, da tura shi daga kwance a kan benci, da cicciɓo shi daga ƙasa, babbar hukumarsu ta duniya ba ta yarda da safa a gasa ba sam.

Abu guda dai nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu komo kansa: safa ba ta rage wa ƙarfe ko giram ɗaya. Kilo 60 kilo 60 ne, ko da safa ko ba safa.

Yadda musu ya tashi

A shekarata ta farko a jami'a na fara zuwa wani wurin ɗaga ƙarfe a bayan unguwar da ɗalibai suke haya. Ba irin na manyan otal ba ne. Rumfar kwano ce da benci biyu. Wasu fayafan na gaske ne, wasu kuwa siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti aka soka bututu a tsakiya, wasu kuma tsofaffin ƙarafan mota ne. Ban yi mako biyu ba hannuwana suka yi bororo, har riƙon biro a aji ya zama aiki. Sai na je wurin masu gwanjo na sayi safa.

Ran da na fara sa ta, wani abokina wanda ya riga ni shiga harkar da shekara biyu ya dube ni ya ce, "Kai malam, lalle ka zo ƙunsawa ko ƙarfe ka zo ɗagawa?" Rumfa ta ɗauki dariya. Sai ya buɗe mini tafin hannunsa, kanta jere a gindin yatsu kamar ƙwayoyin masara, ya ce, "Ka ga wannan? Ita ce takardar shaidarmu. Ba a sayen ta a gwanjo." Daga ranar rumfar ta rabu biyu, masu safa da masu kanta, kuma kowace yamma sai an taɓa musu kafin a watse.

Hujjar masu kanta

Kada mai karatu ya ɗauka abokin nan nawa wauta yake yi. Maganarsa tana da tushe mai zurfi, a al'adarmu da ta wasu. Mu ne muke cewa sai an sha wuya akan sha daɗi, mu ne muke cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. A wurin sharo, saurayin Bafillace yakan tsaya a buge shi da tsumagiya bai ko motsa ba, tabon da ya rage a jikinsa kuwa abin alfahari ne har tsufansa. Mutanen Girka na dā suna ba da labarin wani ɗan kokawa, Milo mutumin Kuroton, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce ya fara ɗaukar ɗan maraƙi a kafaɗa kullum, maraƙi yana girma ƙarfinsa yana ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, hikimar da ke cikinsa gaskiya ce, kuma a kanta aka gina dukan ilimin motsa jiki: tsoka ba ta girma sai an ɗora mata abin da ya ɗan fi ƙarfinta, sa'an nan a bar ta ta huta.

Daga nan masu kanta suke ɗaukar hujjarsu. Suka ce, in jiki sai da matsi yake ƙarfi, to hali ma haka yake. Wanda ya saba gudun ƙaramin zafi, ran da babba ya zo ba zai tsaya ba. Yau ka kare tafin hannu, gobe ka ce benci ya yi tauri, jibi ka ce rana ta yi zafi, gata ka daina zuwa. Kanta kuma ba ta ƙarya. Mutum yana iya sayen rigar 'yan wasa da takalminsu ya yi ta ɗaukar hoto, amma kanta sai wanda ya riƙe ƙarfe wata da watanni. A zamanin da kowa yake son a gan shi ya isa ba tare da ya yi tafiyar ba, alamar da ba ta sayuwa abu ce mai tsada.

Hujjar masu safa, da abin da ke ƙarƙashinta

Mu masu safa muka ce rigakafi ya fi magani. Mun zo neman lafiya ne, ba neman rauni ba. Kanta in ta yi kauri da yawa takan yage gaba ɗaya a tsakiyar ɗagawa, ta bar jan nama, mutum ya yi mako bai taɓa ƙarfe ba. Su kansu gwanayen da ake kafa hujja da su, goge kantarsu suke yi da dutsen goge kaushi don gudun haka. A cikinmu kuma akwai ɗalibin likitanci wanda zai taɓa jikin marasa lafiya, akwai tela mai taɓa yadi mai santsi, akwai mai cutar fata. Don me za a ce sai sun ɓata hannun da suke cin abinci da shi?

Wannan hujja ce mai kyau, kuma da ita na yi ta kare kaina. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba likita ba ne, ba tela ba ne. Bororon da ya sa na sayi safa ya warke tun da daɗewa, amma ban cire ta ba. Da na binciki zuciyata sai na tarar da wani dalili wanda ban taɓa faɗa a rumfa ba: ba na son in miƙa wa wani hannu a jami'a ya ji shi da kaushi ya ɗauka ni ɗan ƙauye ne. Ina son ƙirji da damtse irin na mai dakon buhu a kasuwa, amma ina son tafin hannu irin na mai zama a ofis.

Wannan ciwo ba ni na fara shi ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Thorstein Veblen, ya wallafa littafi a 1899 a kan masu hali waɗanda ba su aikin ƙarfi, inda ya nuna cewa yawancin adonsu an tsara shi ne don ya sanar da jama'a cewa mai shi ba ya taɓa aikin hannu. A ƙasar Sin ta dā manyan mutane sukan bar farcensu ya yi tsawo ƙwarai, har uwar sarki Cixi, wadda ta rasu a 1908, an san ta da sa wa faratanta kube na ado. Ma'anar dogon farce ita ce, ni ba na noma, ba na wanki. Mu ma a nan muna da namu. In aka ce wane hannunsa kamar auduga, ai ba laushin fata kaɗai ake nufi ba, ana nufin ya huta, wani ke yi masa.

To, ka ga abin mamaki. Mutum ya biya kuɗi don ya ɗaga nauyin da ba ya kai shi ko'ina, ya ajiye shi inda ya ɗauke shi, ya kuma sa safa don kada a yi zaton yana cikin masu ɗaukar nauyi don neman abinci. Da na gane haka game da kaina sai kunya ta kama ni. Na cire safa na jefa a akwati, na koma ɓangaren masu kanta, har na fi su zafi. Zango guda na yi haka. Kantata ta fito, ta yage sau biyu, na ɗaure da tsumma na ci gaba, ina jin kaina wani jarumi.

Hannun Baffa

Da aka yi hutu na tafi gida. Ina da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da mu. Sana'arsa buga bulo da aikin gini, kuma kuɗin makarantata daga hannunsa suke fitowa. Bayan sallar isha'i muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, sai na buɗe masa tafin hannuna a hasken fitila, na ce, "Baffa, ka ga ni ma yanzu na zama namiji. Na daina sa safa. Hannuna ya kusa zama irin naka."

Ya kama hannun ya jujjuya, ya yi shiru. Can ya ce, "Wa ya sa ka?"

Na ce, "Ba kowa, Baffa. Ni na ga dama."

Ya ce, "To, ni ba ganin dama na yi ba."

Sai ya buɗe nasa. Na sha gaisawa da hannun nan tun ina yaro, amma ban taɓa duban sa da idon basira ba sai ran nan. Abin ya wuce kanta. Fatar ta yi fari-fari ta tsattsage, akwai faso a gaɓoɓin yatsu wanda ba ya warkewa, in hunturu ya zo har jini yake yi. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka mai ƙarfi, yana cin fata a hankali, mutum bai ji zafi ba sai ɓarna ta riga ta auku. Ya ce mini ran da ya je wani wuri inda ake ɗaukar zanen yatsa da na'ura, sau da yawa yana danna yatsa na'urar tana ƙi, domin zanen ya shafe, har yaron da ke kan na'urar ya ɗaga masa murya a gaban mutane. Ya ce in ya shafa kan jikarsa sai ta kauce, ta ce hannun Baffa yana karce ta.

Sa'an nan ya ce, "Ɗana, ni ina cin wannan wahala ne don kada kai ka ci ta. In ka je ka sayo ta da kuɗina ka kawo mini, to me na yi ke nan? Ita safar da ka ce ka daina sawa, tana ina? In ba ka so, ba ni."

Na tashi na buɗe akwati na ɗauko ta na miƙa masa. Ya zura hannu, sai ga yatsunsa duka a waje, daidai inda siminti ya fi ci. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan ai ta masu wasa ce." Ya mayar mini. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta daren nan ba. Safar da muka shafe wata da watanni muna musu a kanta, ko aikin yini ɗaya ba za ta yi wa mai aikin gaske ba.

Wahala iri-iri ce

Tun daga ranar nake juya maganar, ga kuma inda tunanina ya tsaya. Kuskuren da muka yi a rumfa, mu duka ɓangarorin biyu, shi ne mun ɗauki wahala abu guda ce. Alhali kuwa a ƙalla akwai rabe-rabe biyu da ya kamata a yi.

Na farko, akwai wahalar da ita ce hanyar kanta, akwai kuma wahalar da ƙaya ce kawai a kan hanya. Nauyin ƙarfe shi ne hanya. In ka rage shi ka rage ƙarfin da za ka samu, ba makawa. Yagewar fata kuwa ƙaya ce. Ba ta ƙara wa damtse komai, sai ma ta hana ka aiki. Mai hankali yakan rungumi ta farko ya kauce wa ta biyu, kamar yadda matafiyi yake sa takalmi amma bai fasa tafiya ba. Ba wanda ya taɓa cewa manomi rago ne don ya sa malafa, ko maƙeri matsoraci ne don ya kama jan ƙarfe da awartaki. Karin maganarmu cewa ta yi sai an sha wuya akan sha daɗi. Ba ta ce duk wanda ya sha wuya zai sha daɗi ba, ba ta kuma ce a je a nemo wuyar da ba ta haifar da komai ba. Mu ne muka ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

Wannan ma'auni yana aiki har a karatunmu. Ƙamus safa ne, haka fitila mai haske, haka kwamfuta mai sauƙaƙa bugun rubutu: suna kare ka daga ƙaya, amma kai za ka yi tunanin. Satar amsa kuwa, ko ba wani ya rubuta maka aikin da malami ya ba ka, wannan ba safa ba ce, sa wani ne ya ɗaga maka ƙarfe kai kana tsaye kana ɗaukar hoto. Tambayar da mutum zai yi wa kansa game da kowane sauƙi ita ce: nauyin ya rage mini, ko ƙayar?

Na biyu, akwai wahalar da mutum ya zaɓa, akwai wadda aka ɗora masa. Kantata ni na zaɓe ta, kuma duk ran da na ga dama zan daina, cikin 'yan makonni hannuna ya koma yadda yake. Ta Baffa ba ta da ranar dainawa. Da na ce hannuna ya kusa zama irin nasa, na yi masa rashin adalci ba tare da na sani ba, domin na mai da larurarsa ado. A dā ina gudun a ce ni ɗan talaka ne, sai na ɓoye hannu a safa. Daga baya ina son a ce ni jarumi ne, sai na ari alamar talaka na yi kwalliya da ita. A duka biyun ido na nake kan abin da mutane za su ce, ba kan ƙarfe ba, ba kuma kan Baffa ba.

A nan ne yabon wahala yake zama abu mai haɗari. Ka lura, waɗanda suka fi iya waƙar wahala galibi su ne waɗanda suke da hanyar fita daga cikinta. Idan muka yarda cewa tsagaggen hannu shi ne lambar girma ta lebura, to mun ba mai aikin hujjar kada ya saya masa safa, mun kuma ba kanmu hujjar kada abin ya dame mu. Sai mu ce, ai sun saba, ai fatarsu ta yi tauri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambayi mai fasa dutse, ko mai loda buhunan siminti, ko mai tsintar ƙarafa a juji, ko yana son abin da zai kare masa hannu, ka ji amsa.

Mu ɗaliban Hausa mun san laccar nan ta A. H. M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, inda ya kawo halaye goma da Bahaushe yake auna kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ƙarfin damtse ba ya ciki, taurin fata ma ba ya ciki. Haƙuri yana ciki, amma haƙuri jure abin da ba makawa ne, ba neman ciwo da gangan ba, kuma an jera shi tare da hankali. Kunya tana ciki, amma kunyar aikata abin ƙi ake nufi. Jin kunyar sana'ar da ta ciyar da kai ba kunya ba ce, butulci ne. Darajar hannun Baffa ba daga tsagewarsa ta zo ba. Ta zo ne daga ɗakunan da ya gina da marayun da ya riƙe. Da ya yi wannan aikin duka da safa, hannunsa lafiya lau, da darajarsa ba ta ragu da ƙwayar gero ba.

Wata ƙalubala

Wani zai ce, "To, malam, in aka bi taka ai kowa zai fake da cewa wahalarsa ƙaya ce, ya kwanta." Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Gaskiya ne rago ba ya rasa hujja, kuma iyakar da ke tsakanin nauyi da ƙaya ba kullum take fitowa fili ba. Wanda yake shirin shiga gasa, alal misali, jin sanda a tafin hannu wani ɓangare ne na gwanintarsa, don haka a wurinsa kanta tana cikin hanya, ba ƙaya ba ce. Haka kuma akwai amfani matashi ya ɗanɗani zafi wani lokaci don ya san wuya ba ta kisa. Ban yi nadamar zangon da na yi ba safa ba, ko ba komai shi ya kai ni ga hannun Baffa.

Amma maganin ragwanci ba shi ne a tsarkake ciwo ba. Maganinsa a dubi sakamako. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. In kana so ka san ko mai safa rago ne, kada ka dubi hannunsa, dubi ƙarfen da ke kan sandarsa bana ka gwada da na bara, ka kuma duba ko yana zuwa ran da ake sanyi. Abokin nan nawa mai kanta, da ni mai safa, duk ƙarfe ɗaya yake auna mu, shi kuwa ƙarfe ba ya son kai.

Kammalawa

Da hutu ya ƙare, kafin in komo makaranta, na shiga kasuwa wurin masu sayar da kayan gini na sayi safar aiki ta gaske, mai rufe yatsu duka har wuyan hannu, wadda ruwan siminti ba ya ratsawa. Kuɗinta bai kai abin da nake biya a rumfar ƙarfe na wata guda ba, kuma wannan lissafin ya daɗe yana damuna. Na kai wa Baffa. Ya ce tana sa shi gumi, tana kuma rage masa sauri, amma yana sawa in zai kwaɓa siminti. Fason bai warke duka ba, sai dai ya daina jini.

Ni kuma na koma rumfa da tsohuwar safata. Ina sa ta ran da hannu ya yi tsami, ina cire ta ran da nake son in ji sanda sosai, ban kuma ƙara shiga musun ba. Abokina ya sake tsokanata da maganar lalle, na ce masa in yana son ganin takardar shaida ta gaske ya biyo ni gida hutu mai zuwa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kada mu guji nauyi, domin ba a ƙarfi sai da shi, a jiki ko a karatu. Kada kuma mu ɗauki ciwo abin ado, balle mu yaba shi a jikin wanda ba shi da zaɓi. Yawancinmu wani hannu ne ya tsage kafin namu ya sami damar riƙe biro. In mun tashi maganar safa, to, a fara da wancan hannun. Ina maraba da duk wanda yake da ra'ayi dabam, ya kawo shi a fitowa ta gaba mu ƙaru da juna.